Yadda Sojan Sama Zai Samar wa Motsa Jiki Lokaci, Kowane Aiki da Awoyinsa

Duk sanda rundunar sojin sama ta buɗe ɗaukar kurata, samarin Kurna da Rijiyar Lemo sukan tare ni da tambaya iri ɗaya: "Baba, wane ɓangare ne ya fi hutu?" Waɗanda suka riga suka shiga kuwa, suka gama horo a Kaduna aka turo su Kano, tasu tambayar daban ce: "Oga, yaushe mutum zai samu ya yi gudu alhali kullum muna bakin aiki?" Gyaran jirage na yi har na ajiye kaki, saboda haka amsar mai riƙe sifana za ku ji. Kakin iri ɗaya ne, amma kowane aiki da agogonsa. Aikin da aka ba ka shi ke yanka maka awoyi, kai kuma sai ka ɗaure motsa jikinka a jikin waɗannan awoyin. Wanda ya ce sai ƙarfe shida na safe zai yi gudu, alhali rabin wata a wannan lokacin yana kan gadi, ya riga ya daina tun bai fara ba.

Abin da ke ruɗar yara shi ne watanni shidan nan na horon kurata a Kaduna. A can ba ka da ta cewa. Ana tashinka, ana kora ka, ana ƙirga maka tsallen kwaɗo, ka fito jikinka a murɗe. Ranar da aka raba ku zuwa sansanoni, babu mai bin ka da usur kullum. Shekara biyu ko uku sai ka ga bel ya fara neman sabuwar huda.

Fara da biro da takarda

Kafin ka sayi kambas, ɗauki mako biyu kana rubuta abu uku kowace rana: lokacin da ka isa wurin aiki, lokacin da aka sallame ka da gaske, da awoyin da ka yi barci. Na ce da gaske, don abin da ke manne a allon sanarwa daban, abin da ke faruwa daban. Idan mako biyun ya cika, duba ka ga wane lokaci ne ba a taɓa ƙwace maka ba. Ga wani bayan sallar asuba ne, ga wani bayan la'asar, ga wani kuwa minti talatin ɗin da ke tsakanin sallama da isowar motar bariki. Nan za ka kafa.

Sannan ka san yawan abin da kake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan na farar hula ne ma. Minti 75 na gudu, idan ka raba uku, minti 25 ne kowane zuwa. Duk tsananin aiki da wuya a rasa wannan, sai dai a rasa tsari.

Masu aikin ofis

Akawu, masu kuɗi, masu sito, masu kwamfuta, malaman makarantun bariki. Su ne suka fi kowa sanin lokacin tashinsu: kusan takwas zuwa huɗu, Litinin zuwa Juma'a, sai idan layin duti ya zagayo kansu su kwana. Su ne kuma, a abin da idona ya gani, suka fi kowa tumbi. Naku mai sauƙi ne. Gudu Litinin, Laraba da Asabar bayan asuba, ƙarfafa jiki Talata da Alhamis. Kada ku dogara da fitar safe ta rukuninku. Wannan gudu ne da ake yi da waƙa, a tafiyar wanda ya fi kowa nauyi, kuma taron oga ɗaya ya isa ya soke shi.

Masu gyaran jirage

A nan zan daɗe, don nan ne gida, kuma nan ne lissafin ya fi rikicewa.

A sansanin Kano, wanda ke maƙwabtaka da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, akwai makarantar koyon tuƙi ta 403, inda ɗalibai ke koyon jirgin L-39ZA, ɗan ƙaramin jet mai kujera biyu ƙirar ƙasar Cek. Duk mutumin Fagge ko Kwanar Jaba ya san ƙararsa. Abin da bai sani ba shi ne, kafin wannan ƙarar ta kai kunnensa da hantsi, wasu sun daɗe a tsaye. Idan tashin farko na safe ne, makaniki yana cikin hanga, wato rumfar ajiye jirage da gyaransu, tun duhu bai gama washewa ba. A jawo jirgi waje, a duba taya da birki, a duba man inji da na haidurolik, a zuba mai, a cika iskar shaƙa, masu kula da makamai su duba kujerar tsira, wadda ke cilla matuƙi waje idan jirgi zai faɗi, a sa hannu a takarda. Kafin a tayar da inji kuma sai an yi tsintuwa: a jera kafaɗa da kafaɗa, kai a sunkuye, a taka filin a hankali ana tsince tsakuwa, guntun waya, noti, marfin biro. Abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, idan inji ya zuƙe shi, zai iya lalata shi. Jirgi ya tashi, ya sauka, a sake dubawa, a sake zuba mai, ya sake tashi da wani ɗalibin. Duk wannan a kan siminti mai mayar da zafin rana fuska.

Da jirgin ƙarshe ya sauka, matuƙi ya tafi, kai kuma naka aikin ya dawo sabo idan ya rubuta matsala. Ko babu matsala, akwai ƙirgar kayan aiki. Kowace sifana da sukundireba tana da gurbinta a akwati. Gurbi ɗaya ya zama wayam, babu mai tafiya gida sai an gano ta, don ana tsoron tana cikin jirgi. Na ga magariba ta yi, isha ta yi, manya da yara suna rarrafe da tocila saboda ƙaramar filaya da ta faɗa bayan akwati. Shi ya sa makaniki ya san lokacin zuwansa amma bai san na tashinsa ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A rundunar sojin saman Amurka ma masu gyaran jirage suna kukan awoyi. Suna raba yini gida uku, na rana, na yamma da na tsakar dare, kuma ƙa'idarsu ta hana a tsara wa makaniki fiye da awa 12 a jere ba tare da izinin manya ba. A takarda an taɓa ƙarfafa wa kwamandojinsu su bar mutane su motsa jiki har minti 90, sau uku zuwa biyar a mako, cikin lokacin aiki, amma da sharaɗin idan aiki ya bari. A layin jirage kuwa aiki ba ya cika bari, a Kano ne ko a sansanin Moody na jihar Jojiya, inda namu suka je koyon jirgin yaƙi na Super Tucano kafin jiragen su iso Kainji a 2021.

Ga abin da nake gaya wa yaran hanga. Na farko, gajiya ba motsa jiki ba ce. Tsayuwar awa goma da sunkuyo a ƙarƙashin fiffike suna cinye baya da ƙafa, amma ba sa ƙara wa zuciya da huhu komai. Za ka dawo a gajiye liƙis, ranar gwajin gudu kuma ka kasa zagaye fili sau huɗu. Na biyu, raba ranakunka gida biyu: ranar tashin jirage da ranar da babu. Ranar tashi kada ka sa wa kanka dogon gudu. Ajiye kambas da gajeren wando a lokarka, da an sallame ku ka canza nan take, kafin ka zauna, kafin ka taɓa waya, kafin ƙafarka ta kai mami, kasuwar bariki. Minti 20 sun isa: minti biyar na sassarfa, sannan gudu mai ƙarfi na minti ɗaya da tafiya ta minti ɗaya, sau shida, sai ka huce. Idan ka bari ka isa gida ka cire but, uwargida ta ajiye tuwo, magana ta ƙare. Ranar da babu tashi, da Asabar idan ba ka duti, nan za ka yi gudun minti 40 zuwa sama.

Na uku, baya. Yawancin tsofaffin makanikai da na sani ciwon baya ne ya fara kayar da su. Kowace rana, ko a ɗaki, kifa ciki ka tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal, ka riƙe daƙiƙa 30 zuwa 60, sau uku. Ƙara da tsuguna-miƙe da firesof. Idan za ka ɗaga batir ko taya, durƙusa ka ɗaga da cinya, kada ka sunkuya da ƙugu. Yaro ɗan shekara 22 zai yi dariya idan ya ji wannan. Ya ajiye maganar zuwa 40.

Rejimen, wato dakarun tsaron sansani, da 'yan sandan sojan sama

Su ke gadin ƙofa, gadin jirage, sintirin shinge, su ake fara turawa idan ta ɓaci. Awoyinsu na karɓa-karɓa ne, sau da yawa awa 12, wani lokaci yini da kwana. Takwarorinsu na Amurka da yawa suna bin wani tsari da suke kira Panama: kwana biyu aiki, biyu hutu, uku aiki, sai mako mai zuwa a juya. Mai irin wannan tsari ya huta da lissafi, don ya san ranakun hutunsa tun wata guda kafin su zo. Namu ya danganta da yawan mutane a rukuni, kuma mutum ɗaya ya tafi kwas ko jinya sai jadawali ya birkice.

Dokarku ɗaya ce: idan ka sauka daga gadin dare, barci ne farko. Na sha ganin yaro ya sauka ƙarfe shida, ido jawur, ya ce zai yi gudu don ya nuna shi namiji ne. Jikin da bai yi barci ba ba ya ginuwa, sai dai ya ji rauni. Karya da abu mara nauyi, koko da ƙosai ya isa, ka toshe taga da bargo mai duhu, ka kashe waya, ka roƙi mutanen gida su kau da yara. Ka tashi da azahar, ka ci abinci, bayan la'asar ka yi atisayenka. Wato "safiyarka" ita ce duk lokacin da ka farka, ko da ƙarfe biyu na rana ne.

Ku kuma gudu kaɗai bai ishe ku ba, don aikinku ɗaukar kaya ne. Bindigar AK-47 da harsashinta ta haura kilo 4, ga sulke, ga hular kwano, ga ruwa. Sau ɗaya a mako goya jaka mai kilo 10 ka yi tafiyar awa ɗaya da sauri cikin but ɗin aikinka, kana ƙara nauyin kaɗan-kaɗan. Idan aka tura ka Maiduguri ko Katsina ko wani ƙaramin sansani inda babu filin gudu kuma fita ba ta taso ba, sa igiyar tsalle a jakarka. Ba ta da nauyi, kuma minti goma da ita sai ka ji a jikinka. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cif. Ɗauki biyu ka yi taku hamsin ka dawo, ka ga ko kana buƙatar gidan ɗaga ƙarfe.

Hasumiyar kula da jirage, kashe gobara, asibiti, sadarwa

Waɗannan ma karɓa-karɓa suke yi, safe, yamma, dare, don haka dokar barci ta hau kansu. Bambancin shi ne mai hasumiya da mai rediyo a zaune suke, aikin na ƙwaƙwalwa ne, kuma da shayi da goro da Nescafé suke riƙe ido. Sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha mai kauri ƙarfe huɗu na asuba, ya kwanta ƙarfe bakwai, juyi kawai zai yi ta yi. Tsayar da shi tun tsakiyar dutin. Masu kashe gobara su ne 'yan gata a nan: aikinsu jira ne, kuma atisaye yana cikin jiran. Ma'aikatan jinya, maza da mata, su yi nasu kafin shiga dutin yamma, don bayan fitowa ƙafa ba ta da sauran magana.

Matuƙa

Samari suna ganin su a cikin rigar tashi su ɗauka su ne masu hutu. Tashin awa ɗaya yana da bayanin kafin tashi, da bitar bayan sauka, da karatu, da aikin ofis a kai. Sai dai su an kare musu barcinsu da doka. A Amurka awa 12 na hutu ake ba matuƙi kafin ranar tashi, a ciki har da damar barcin awa 8 ba yankewa. Abin da jikinsu ke buƙata ma daban ne. Idan jet ya yi kwana mai tsanani, nauyin mutum yana ninkuwa sau da yawa, jini ya gangara ƙafa, ido ya fara duhu. Matuƙi yana matse cinya da ciki da wani salon numfashi don ya riƙe jinin a sama. Don haka ƙarfin cinya, ciki da wuya yake nema, tare da gudu daidai gwargwado, kuma ba ya shiga jirgi da ƙishirwa, don rashin ruwa a jiki yana rage juriyar wannan nauyin. Atisaye mai nauyi bayan sauka ake yinsa.

Kano da yanayinta

Duk tsarin da ke sama sai ka gyara shi da kalandar garin nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. A wannan lokacin gudu tsakanin goma na safe da biyar na yamma neman asibiti ne. Wanda aka turo daga Fatakwal ko Legas ya ba jikinsa kwana 10 zuwa 14 yana sabawa a hankali. Sha leda ɗaya ta fiya wata kafin fita, wato rabin lita, wata bayan dawowa, kuma ka riƙa duba fitsarinka: idan ya yi ja, kana bin jikinka bashin ruwa. Idan abokin gudunka ya fara tangaɗi ko surutai marasa kan gado, kada ka tsaya ba shi baki. Kai shi inuwa, cire masa riga, kwara masa ruwa, a nufi asibiti.

Da hunturu kuma ƙura ce. Akwai ranakun da hazo ke rufe Kano har a dakatar da tashin jirage, makaniki ya samu rana a ɓagas. Daɗin ke nan, amma ranar ce mafi muni ga gudu a waje. Yi igiya da firesof a cikin hanga ko ɗaki, mai asma kuwa ya bi maganar likitansa. Da azumi rage tsanani, kada ka daina: tafiya ko sassarfa mara nauyi dab da shan ruwa, mai ƙarfin kuma bayan asham, idan abinci ya faɗa. Wanda ya yini a kan siminti da azumi a bakinsa ya riga ya biya, ya yi na bayan asham kaɗai.

Wurin gudu ba ya wuya. Cikin bariki ya fi ko'ina kwanciyar hankali. Mazauna gari suna da filin sukuwa a Nassarawa, da filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ga matakalar Dutsen Dala ga mai son cinya ta yi magana. Idan a titi za ka yi, fuskanci motoci, don ɗan adaidaita sahu ba ya duba gefen hanya. Kada ka sa rigar da ke nuna kai soja ne, kuma bar waya a gida. Masu ƙwace sun san lokacin asuba sarai, agogon hannu mai arha ya ishe ka.

Gwada kanka, sannan ka nemi lokaci

A da, sojan saman Amurka sun daɗe suna auna mutanensu da gudun kilomita 2.4, da firesof da sitof na minti ɗai-ɗai, ana neman maki 75 cikin 100. Ma'auni ne mai kyau ko ga wanda ba a can yake ba, don a filin wasa mai zagayen mita 400, zagaye shida ne daidai. Yi shi farkon kowane wata, rubuta lokacinka a takardar nan da ka fara da ita. Idan lokacin yana ƙaruwa wata biyu a jere, koma ka duba awoyin barcinka kafin ka zargi ƙafarka. Tattakin kilomita 10 da rundunarmu ke shiryawa duk shekara, da faretin doguwar tafiya, kada su zo maka ba shiri: mako takwas kafin ranar fara ƙara tsawon gudun Asabar da kilomita ɗaya-ɗaya. Wanda ya haura 40 ya je a auna masa jini tukuna, ga asibitin sojan sama na 465 nan a Kano.

Saura neman izini, kuma da rashin tayi akan bar arha. Yara da yawa ba sa tambaya, suna ganin oga zai ce ragwanci ne. Ya danganta da yadda ka kawo maganar. Kada ka je kai kaɗai kana cewa ba ka da lokaci. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku tsara a takarda, babbanku ya kai wa sajan ɗinku ranar da aiki ya tafi daidai, ba ranar da jirgi ya ƙi tashi ba: "Oga, muna roƙon Talata da Alhamis, idan an gama ƙirgar kaya, biyu su fita minti talatin biyu su tsare, sannan mu canza. Idan an kira, muna bayan hanga." Sajan yana son ya ji abu biyu, cewa wurin aiki ba zai zama babu kowa ba, kuma ya san inda zai same ku. Idan ya amince, ku dawo kafin mintin ya cika, musamman makon farko, kuma wanda ya tsaya tsaro ya riƙe rediyo a hannu.